Ranar da Maitama Ya Turo Kekensa Banga

Ranar Laraba aka rufe Baba Maitama mai waya. Maigidana ya je jana'izar, ya dawo ya zauna bakin rijiya yana wanke ƙafa, ya ce mini mutane ba su taru ba. Ya ce kuma lokacin da ake ɗaga makara wani daga baya ya ce, "A dai taɓa shi da kyau, kada shi ma a rufe mai rai." Har aka samu masu dariya.

Tun ranar nake tafasa. In akwai wanda ya kamata ya riƙe mutumin nan a zuci, to ni ce, don Asiya da abin ya faɗa wa ƙanwata ce ciki ɗaya, kuma yanzu haka tana ɗakin da ke kallon nawa. Masu dariyar rabin labari suka sani. Sauran rabin ni zan faɗa.

A Ƙaura aka haifi Maitama, bayan tashar jirgi, inda ubansa ke dakon buhunan gyaɗa. Ya yi elemantare, ya iya Turanci daidai na karanta takarda, sai gidan waya suka ɗauke shi masinja. Aikinsa kai tangaraho. Yaran yanzu ba su san shi ba: gajeren saƙo ne da ake bugowa ta waya daga wani gari, akawu ya rubuta a takarda, ya danna hatimi, masinja ya kai gida. Haihuwa, cin jarrabawa, saukar alhazai, mutuwa, duk ta hannunsa suke shiga gidajenmu. Yana da kaki mai guga da wani baƙin keke, da shi yake zuwa har Banga da Ɗan Isa, rani da damina.

Yana da wata ɗabi'a da ba gwamnati ta koya masa ba. In labarin daɗi ya ɗauko, tun daga nesa yake kaɗa ƙararrawar keke, yara su bi shi a guje, matan gida su fara neman abin tukuici. In kuwa mutuwa ce, tun bakin gari yake sauka. Ya cire hula ya cusa a aljihu, ya riƙe keken yana turawa a ƙasa, ba ya gaida kowa, ba ya amsa gaisuwa. Duk layin da ya shiga sai ki ga mata sun tsaya da daka suna kallon ƙofar da zai tsaya. Ya taɓa gaya wa babanmu dalili. Ya ce bai son mutum ya ji mutuwa farat ɗaya, gara zuciya ta fara shiri kafin kunne ya ji.

Ina 'yar aji biyu a sakandare, na zo hutu Banga, na gan shi ya turo keke ƙofar gidanmu. Babanmu ne ya rasu a Makka. Innarmu ba ta jira ya buɗe baki ba, ganin kansa babu hula ya ishe ta. Kuma gaskiya ne, ya rasu ɗin. Duk tsawon aikin Maitama bai taɓa turo keke ya koma ya ce kuskure aka yi ba. Ba zai yiwu ba ma, don tangaraho sai ya bi ta hannun ma'aikaci a can, ya bi ta hannun ma'aikaci a nan, kowa da sa hannunsa. A kan haka mutumin nan ya girma, a kan haka ya tsufa: abin da ya fito ta waya ya riga ya tabbata.

Sai duniya ta canza masa. Jirgi ya rage zuwa Ƙaura, tangaraho ya mutu, aka sallame shi da fansho da ba ya zuwa kan lokaci. Aka ba mu jiha, muka yi ta murna, masu takarda suka kwashe zuwa Gusau. Marasa takarda suka bi Agadas zuwa Libiya, wasu Saudiyya, wasu Legas. Aka ƙaddamar da shari'a muna gani. Shi dai Maitama yana zaune ƙofar gida yana goge keken da ba shi da inda zai kai shi.

Bayan shari'a da 'yan shekaru wani ɗan Gusau ya buɗe kafe a kan titin tasha, kwamfutoci jere da janareto da wani faranti a kan rufi. Ɗalibai suka cika wurin. Maitama ya leƙa sau ɗaya, aka nuna masa yadda saƙo ke tashi daga wata ƙasa ya sauka nan take, sai ya ce, "Ashe tangaraho na yad dawo." Ya zauna ya koya, da yatsa ɗaya yake dannawa kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Bai daɗe ba ya samo wa kansa aiki. Duk gidan da ke da ɗa a waje, shi zai buɗe musu akwatin imel, ya aika wa ɗan adireshin ta hannun masu tafiya. Ya riƙa zagaya akwatunan, abin da ya samu ya sa a buga a takarda, ya hau keke ya kai, ya karanta, ya karɓo amsa. Ƙararrawa ta dawo Banga. Tsofaffi suka ce Allah ya yi masa albarka.

Lambar sirrin akwati shi mabuɗi yake ce mata. Kuma mabuɗi ɗaya ya yi wa kowa, lambar da ke jikin bajonsa na gidan waya, don kada ya manta. Mai kafen ya taɓa ce masa, "Baba, wanga ba daidai ba na, kowa a yi mai nashi." Ya ce, "Yaro, gidan waya ma mabuɗi guda ka buɗe akwatuna duka, kuma hannun amintacce shike." Mai kafen ya yi dariya ya ƙyale shi, tunda kuɗin awa yake karɓa.

Cikin masu akwati har da gidan su Faruku, mijin Asiya. Faruku ɗan fari ne wurin Inna Iyatu, yana da ƙane ɗaya, Aliyu, mai noma gonar gidan. Ya tafi Libiya ya bar Asiya da yara maza biyu, ya samu aiki gidan burodi a Sabha. Bai iya boko ba, sai ya shiga kafe a can ya faɗa wani ya rubuta masa, yau da Turanci, gobe da Hausar Nijar. Saboda haka ba wanda ya san "hannunsa". Kuma Faruku akwai surutu. Komai sai ya faɗa: abin da ya tara, sunan abokin ɗakinsa Alamin, ciwon ƙafar Inna, irin ɗakin da zai gina wa Asiya in ya dawo.

Wata rana saƙo ya shigo akwatin nasu da tambarin kamfanin imel, da Turanci irin na ofis. Wai ana gyara, duk wanda bai aiko da sunan akwati da mabuɗinsa ba za a rufe masa. Ku tuna wane ne ke karantawa. Mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa in takarda ta zo daga sama mai tambari, ba a tambaya, aiwatarwa ake yi. Ya ce wa na kusa da shi, "Hedikwata ta nema," ya aika musu nan take. Har daɗi ya ji bai makara ba.

Ba kamfani ba ne. Ɓarayi ne, kuma har yau ba mu san ko su wane ne ba. Wasu sun ce 'yan nesa ne, wasu sun ce wanda ya iya lallashin Bahaushe haka ba daga nesa yake ba. Ba su canza mabuɗin ba, don kada a farga. Suka zauna cikin akwatin kamar ɓera a rumbu, suka karanta duk surutun Faruku. In saƙonsa ya shigo su riga Maitama gani, su amsa masa da sunan Asiya, su goge. Suka ce masa ƙafar Inna ta ruɓe, sai an yi aiki, ya turo kuɗi ta hannun wani da suka ce ɗan'uwan likita ne. Ya tura. Suka yi godiya da sunan Asiya, har da cewa yara na gaishe shi. Ya ƙara turawa.

Mu kuma nan shiru, Maitama ya buɗe akwati ya tarar wayam. Da shirun ya yi tsawo har hankali ya fara tashi, sai ga saƙo da sunan Alamin, abokin ɗakin. Wai tukunyar gas ta fashe a gidan burodi, Faruku na cikin waɗanda suka ƙone, an riga an rufe shi. Wai masu gidan burodin za su biya diyya, da ita da abin da ya tara za a haɗo, amma sai an biya lauya tukuna.

Ina Banga ranar, na kai wa Asiya maganin zazzaɓin ƙaraminta. Muna tsakar gida tana sheƙar gero, Inna Iyatu na gefe tana kaɗa nono, sai muka ji layin ya yi tsit. Na leƙa ta zaure. Maitama ne yake tafe a ƙasa, kai babu hula, keke a hannu. Asiya ta zo bayana ta leƙa, ta ce, "Adda, gaba za shi ko?" Maitama bai wuce ba. Ya jingina keken a bangon gidansu.

Inna Iyatu ta fito har zaure da ludayi a hannu.

"Mai waya, wane?"

"Inna, sai haƙuri."

"Na ce wane? 'Ya'yana biyu na, guda na gona."

"Na Libiya na. Allah ya yi mai cikawa."

Asiya ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Ba ta yi kuka ba sai can da yamma.

Aka kira Liman. Ni ba zan ɗora wa Liman laifin da bai yi ba, ya yi tambaya. Muna jin su daga bayan zana. Ya ce, "Maitama, mutuwa ba a tabbatar da ita sai da shaidu. Wa yag ga gawa?"

"Abokin ɗakinai, Alamin. Ga sunanai nan. Faruku ya sha ambatonai."

"Kai ka san shi?"

"Ban san shi ba, Allah gafarta Malam. Amma ta waya taz zo."

Liman ya juya takardar, Turanci ce, bai iya karantawa ba. Ya ce, "Ka tabbata?"

"Na tabbata."

"To, in kai kac ce."

Shi ke nan shaidar. Garin da ya ga Maitama ya turo keke bai da sauran tambaya. Aka shimfiɗa tabarmi, aka yi zaman makoki, aka yi sadaka. Asiya ta shiga takaba. Aliyu ya kai shanun huɗa kasuwar Moriki ya sayar, aka tura kuɗin lauya, da niyyar in diyya ta zo a sayi wasu a yi wa marayu tanadi. Lauya ya ce sauran na kotu. Aka sayar da gero. Daga nan lauya ya yi shiru, Alamin ma ya yi shiru. Mutane suka ce Larabawa sun cinye haƙƙin maraya, Allah ya isa. Ba wanda ya kawo wa ransa cewa mutuwar ma ƙarya ce.

Da Asiya ta fita takaba, Inna Iyatu ta kira ni ta ce ba ta son jikokinta su tashi a wani gida, ga Aliyu bai yi aure ba. Haka ake yi a wurinmu, ba sabon abu ba ne. Ba wanda ya tilasta wa Asiya, mace ce mai hankalinta. Ta yi tunani ta ce mini, "Adda, in na fita gidan nan yaran za a karɓe. Aliyu kuma bai taɓa ɗaga mini murya ba." Aka ɗaura aure ba kiɗa ba buki. Damina ta zagayo, ta samu ciki.

Cikin ya fito sosai lokacin da Faruku ya sauka tashar Ƙaura, da rana tsaka, da jakunkuna da wata babbar rediyo. Mai fura ta bakin tasha 'yar Banga ce. Ta ɗaga kai ta gan shi, ta saki ƙwarya ta zura da gudu tana salati. Shi ya zaci taɓin hankali ne. Ya hau mota zuwa Banga, ya ga duk wanda ya hange shi yana ja da baya. Ya shiga gida da sallama, yana kiran Inna yana tambayar ƙafa. Inna tana tsaye kan ƙafafunta biyu, lafiya lau. Asiya ta fito daga ɗakin Aliyu da tulu, ciki a gaba.

Abin da aka faɗa a tsakar gidan nan ba zan rubuta ba. Maƙwabta ne suka ɓamɓare hannun Faruku daga wuyan ƙanensa.

Ku tsaya a inda Faruku ya tsaya, don shi ma ba mahaukaci ba ne. Yana da takardun da ya buga a Sabha, cike da jaka, duk da sunan Asiya, tana godiya, tana cewa kuɗi sun iso, wasu ma bayan an ɗaura mata aure da Aliyu. A ganinsa ta san yana raye. A ganinsa ita da ƙanensa suka kashe shi da baki, suka ci guminsa, suka kwana ɗaki ɗaya. Ya kai ƙara kotun shari'a, kuma kalmar da ya faɗa zina ce. Matar aure, ga ciki. Shekarun nan kowa ya ji a rediyo an yanke wa mata hukuncin jifa a wasu wurare. Samari suka fara taruwa ƙofar gida suna leƙe. Na ɗauko Asiya na dawo da ita Ƙaura, wurina. Ta daina cin abinci. Kullum tambayarta ɗaya, "Adda, sai na haihu za su yi, ko ba su jira?"

Alƙali ya ce takardun Faruku suna da sunanta, takardar Alamin kuma ba a san wanda ya rubuta ba, kuma takarda ba a rantsar da ita. Yana son mutumin da zai tsaya ya faɗi wanda ke riƙe da akwatin da wanda ya kawo labarin mutuwa. Mutum ɗaya ne, kowa ya sani.

A nan 'ya'yan Maitama suka taso daga Gusau. Na je gidan da kaina na tarar da su, babban yana magana a zaure, bai damu da ina ji ba. "Baba, in kac ce kai kaɗai ka da mabuɗi, to kai ne ɓarawon. Kuɗin Libiya da shanu duk kanka za su hau. Ka ce takarda anka ba ka, ka kai. Ka ce su ma suna zuwa kafe. Wa zai ƙaryata ka?"

Na ce, "Ni zan ƙaryata shi. Asiya ko ƙofar kafe ba ta sani ba."

Ya ce, "Hajiya, ba da ke nike ba."

Na ce, "Ni da kai nike. Ƙanwata za a jefa, ba tunkiya ba."

Na juya wurin Maitama. Yana zaune kan buzu, ya rame, yana kallon keken. Na fita ban san abin da zai yi ba, kuma wallahi ban yi zaton alheri ba. Na san maza da yawa da suka fi shi baki, waɗanda in abu ya zo wuya sai su ce ba su tuna ba.

Ranar zaman kotu Maitama ya zo cikin tsohon kakinsa, ya yi masa yawa. Aka rantsar da shi. Alƙali ya ce ya faɗi abin da ya sani.

Ya ce, "Allah shi gafarta Malam, akwatin ni nib buɗe shi, mabuɗi hannuna shike ni kaɗai. Yarinyar ga ba ta taɓa taɓa kwamfuta ba, Aliyu ma haka. Wasu sunka tambaye ni mabuɗin da sunan kamfani, nib ba su da hannuna. Labarin mutuwa kuma ba takarda tak kai shi Banga ba, don ba mai jin Turanci a gidan. Ni nik kai shi. Na sauka bisa keke tun bakin gari, kowa ya gani. Liman ya tambaye ni ko na tabbata, nic ce mai na tabbata. Ban ga gawa ba, ban ji muryar kowa ba. In akwai wanda za a kama, ga ni."

Faruku ya miƙe ya ce, "To kai kac ci kuɗina ke nan, tsohon banza!" Aka zaunar da shi.

Aka kira Liman ya ce haka aka yi. Aka kira mai kafen ya yi bayanin yadda ake satar akwati. Alƙali ya yanke cewa babu haddi a kan Asiya ko Aliyu, don sun yi aure ne a kan labarin da duk gari ya gaskata. Auren Aliyu ya warware. Abin da ke cikin na Aliyu ne. Asiya kuma tana nan matar Faruku, in ta haihu ta koma ɗakinta. A bakin kotu wata mata ta ce mana barka. Barkar me? An dai bar ta da ranta.

Maitama kuwa daga kotu aka wuce da shi bincike, aka tsare shi har aka gaji, ba a samu ko kwabo a wurinsa ba, aka sake shi. Ya sayar da gonarsa ta hanyar Ɗan Isa ya saya wa Inna Iyatu wasu shanu, ba wanda ya sa shi. Duk da haka sunan ya bi shi. Mutane suka karɓe akwatunansu, da ma wayar hannu ta fara shigowa. In ya wuce, yara su ce, "Baba, wa yam mutu yau?"

Bai daina zuwa kafen ba. Ya samu benci bakin ƙofa, duk wanda zai fita sai ya tare shi. "Ɗana, ka rufe akwatinka kafin ka taso, ko ka bar shi buɗe ga na bayanka?" "Mabuɗinka kada ka ba kowa, ko ni. Kamfanin gaskiya ba shi tambayar mabuɗi." "Kada ka yi mabuɗi guda ga ƙofa biyu." "Wanda duk yac ce ka biya kafin a ba ka gado ko diyya, ɓarawo na." Wadda ya fi maimaitawa ita ce, "In anka ce wani ya mutu ko yana asibiti, kada ka motsa sai ka ji murya. Ka tambaye shi abin da shi kaɗai yas sani." Ɗalibai suna ce masa to Baba, suna wucewa suna ƙunshe dariya. Waɗannan ɗaliban yanzu su ne manya a ofisoshi, kuma na san biyu da aka wanke da saƙon cin gasa. Da sun tsaya sun saurari tsohon da suke wa dariya!

Asiya ta haifi mace, aka sa mata Nazifa. Aliyu ya aiko da rago, bai zo ba, ya riga ya koma Shinkafi da zama don gida ɗaya ba zai ɗauke shi da wansa ba. Faruku ma bai jira haihuwar ba, ya tafi Legas. Bai ce ta koma ba, bai ce ya sake ta ba. Asiya ta yi arba'in ta wanke kayanta ta ɗaure, tana jira. Ta ce mini ko bai kula ta ba za ta koma, don yaranta maza suna can wurin Inna.

Sai wani saƙo ya zo ta wayar mai lema na bakin tasha, inda ake biya a yi kira. Faruku ya rubuto, ko ya sa an rubuta masa: a ba Maitama ya kai wa Asiya, tunda shi ya iya kai labari, cewa shi Faruku ya sake ta. Mai lemar ne ya ba ni labarin abin da ya biyo baya. Ya ce ya karanta wa tsohon, tsohon ya ce, "Ban kaiwa. Kira min lambar." Ya zaro kuɗin kira daga aljihunsa. Aka ɗauka.

"Wa ka magana?"

"Faruku na. Ba ka ga saƙo ba?"

"Na ga rubutu. In kai na, wane suna uwarka ka kiranka da shi?"

Inna Iyatu ba ta faɗin sunan ɗan fari, kamar kowace uwa a wurinmu, kuma sunan da take kiransa bai taɓa shiga kowane akwati ba. Can aka ce, "Abbati."

"To Abbati, faɗi da bakinka, in ji, ga mai lema shi ma shi ji."

"Na saki Asiya."

"Ba ta yi maka komi ba. Ni niy yi."

"Na sani, Baba. Ban iya ganinta na."

Ina tsakar gida ina shanya, Asiya na ba Nazifa nono, sai na ji layinmu ya yi tsit. Rabon da in ji irin wannan shirun tun Banga. Asiya ma ta ji. Ta saɓa yarinyar a kafaɗa ta fita zaure, na bi ta. Maitama ne tafe a ƙasa, hula a aljihu, keken na ƙara don ya daɗe bai ga mai ba. Ya tsaya bai jingina shi ba.

Asiya ta ce, "Baba, ka ji muryarsa?"

Ya ce, "Na ji, ɗiyata."

Ta ce, "To." Ta koma ciki ta kwance ƙullin kayanta.

Shi ne saƙo na ƙarshe da ya kai wa kowa. Bayan idda na aika wa Inna Iyatu cewa yanzu ai Aliyu na iya mayar da ita, shari'a ba ta hana ba. Ta aiko mini cewa in aka yi haka babban ba zai sake taka Banga ba, ita kuma ta riga ta yi makokinsa sau ɗaya. Aliyu ya yi aure a Moriki. Yaran maza suna zuwa gaida uwarsu da Salla, su zauna bakin ƙofa kamar baƙi. Nazifa ce kaɗai ba wanda ya nema, don ba mai son ganin fuskarta a wancan gidan. Asiya na ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a nan bayan ɗakina. Masu neman aure sun zo, in suka ji labari sai su ce za su dawo.

Jiya ta ɗauki mayafi ta ce za ta gidan Baba Maitama gaisuwa. Na ce ta jira ni. Muka tarar da mata kaɗan a tsakar gida, keken yana jingine a zaure, tayoyin sun sace. Matarsa ta ga Asiya ta rasa inda za ta sa ido. Asiya ta durƙusa ta yi mata gaisuwa yadda ake yi, ta ajiye kwanon ƙuli-ƙulin da ta kawo, muka zauna tare da su har la'asar.